Amsa ga mai tambayar zuwa Yankari da damina

Ɗan uwa sannu, na ga tambayarka tun jiya na kasa wucewa. Ka ce abokanka sun haɗa tafiya Yankari cikin watan Agusta, kai kuma ba wankan ruwan ɗumin Wikki kaɗai ya kai ka ba, so kake ka shiga dajin ka ga itatuwa da namun dawa da kogon Marshall, kana tambaya ko lokacin ya yi kuma ko za a bar ka ka taka da ƙafa. Wallahi kamar ni ka tambaya wa, don irin wannan tafiyar aka taɓa yi da ni kuma har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Agusta dai a'a. Ba wai ba a shiga ba, ana shiga, dajin ma ya fi kyau a ido don ko'ina kore shar, amma ciyawa ta fi tsayinka, ruwa kuma ya samu a kowane kwari, to me zai kawo giwa bakin hanya? Dabbobin sun watse cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, kai kana kan 'yar hanya ɗaya mai taɓo. Da rani ne, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙishi ke koro su kogin Gaji, a nan ake ganin ɓauna da gwanki da gwambaza, in da rabo har garken giwa. Akwai zafi kam, ba zan ɓoye maka ba, amma zafin ne ke tara maka su wuri guda.

Mu wanda ya haɗa mana tafiyar, ba zan kama suna ba yana nan yana karantawa ma wataƙila, tun a gida na ce masa ni kogon nan da rijiyoyin Dukkey nake son gani, ya ce haba ai duk yana cikin tsari, ka kwantar da hankalinka. Ya karɓi kuɗin kowa. Ya ce asuba za a tashi, bai zo da motar ba sai da rana ta take, ga shi daga ƙofar Mainamaji zuwa masaukin Wikki kaɗai ya haura kilomita 40, kuma ba hanyar da ake gudu ba ce. Muna isa kowa ya faɗa ruwa, hoto, hoto, hoto, ni ina gefe da takalmina a ɗaure ina jira. Na same shi na ce yaushe za mu shiga dajin, ya ce bari a gama. Na koma, ya ce bari a yi la'asar. Da na koma na ƙarshe a gaban mutane ya buɗe baki ya ce wai ni wane irin mutum ne, an kawo ni wurin hutu ina neman ramukan da ba kowa ciki, in tarihi nake so in koma makaranta. Aka yi dariya. Har da waɗanda a mota suka ce mini su ma suna son ganin kogon, suka yi dariya. Wannan dariyar ta fi komai ci mini rai, ba kuɗin ba. Kuma ashe tun farko bai yi maganar motar zagaye da kowa ba, bai nemi ɗan jagora ba, da na je da kaina na tambaya ma'aikatan suka ce mini cikin mutunci yamma ta yi kuma hanyar wajen ta jiƙe, gaskiyarsu ne. Muka juyo cikin dare ba wanda ya ce mini ko sannu, shi kuma yana gaba yana ta ba da labarin yadda ya iya shirya tafiya. Har yau bai ba ni haƙuri ba, in mun haɗu sai ya ce ya mutumin kogo.

Toh bar wannan. Maganar tafiya da ƙafa, kai kaɗai ba za a bar ka ba kuma kar ma ka gwada, daji ne mai giwa da ɓauna, akwai zaki duk da ba kasafai ake ganinsa ba. Da ma'aikacin gandun ake shiga, a mota, sai an kai wuraren tarihin ake sauka a taka. Ka faɗa masa abin da ya kawo ka tun kafin a tada mota, don in ka yi shiru zagayen da aka saba yi wa kowa za a yi maka a dawo da kai.

Da na koma da rani, ni da mutum biyu masu irin ra'ayina, sai na ga abin da aka hana ni. Kogon Marshall ba kogo ɗaya ba ne, ɗakuna ne 59 da mutane suka sassaƙa a jikin dutse mai laushi, sunan wani P.J. Marshall aka sa musu wanda ya gano su a 1980. Ƙofar ƙarama ce zagayayya, sai ka durƙusa ka shiga, ciki kuma da sanyi, in ka shafa bangon yashi na biyo hannunka. Ana cewa mutane sun ɓuya a nan ne lokacin farautar bayi. Na zauna a ciki na yi shiru ina tunanin uwa da 'ya'yanta a wannan ɗan wurin tana toshe bakin jariri kar a ji kukansa, jikina ya yi sanyi wallahi. Rijiyoyin Dukkey kuma 139 ne, a haɗe suke ta ƙarƙashi, dabarar tara ruwa ce ta mutanen da. Akwai kuma wajen da aka yi narkar tama a Shau Shau, tsofaffin matoyan na nan a tsaye, ƙasa duk kashin maƙera. Mutane na ɗauka dajin nan tun fil'azal na dabbobi ne, alhali sai 1956 aka killace shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, kafin nan jama'a sun rayu a ciki sun yi sana'a.

Af, tsando. Kar ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi, su yake bi, kuma cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi, ta cikin riga ma yana ratsawa. Sa mai dogon hannu, mai hasken ƙasa, da takalmi rufaffe ba silifas ba. Ruwan sha ka ɗauka fiye da yadda kake zato. Birai kuma a masaukin ba su da kunya ko kaɗan, gwaggon biri zai fizge leda a hannunka yana kallon idonka, ka rufe ƙofa da taga ko minti ɗaya za ka fita, kuma don Allah kar ka ba su komai, masu ba su ne suka lalata su. Gadu ma na yawo tsakanin ɗakuna abinsa, shi ba ruwansa da kai in ba ka matsa masa ba.

Ka kwana. Wannan na fi jaddada maka, tafiyar yini ɗaya ita ta cuce ni. Zagayen sassafe shi ne zagaye, lokacin tsuntsaye ke tashi, an ƙirga sama da iri 350 a dajin, kuma ka sa jagoran ya riƙa nuna maka itatuwa, kawo da marke da kirya da kuka, yawancin jagororin sun san amfanin kowanne in ka nuna kana so. Wikki ba inda za ta, ɗuminta digiri 31 ne dare da rana, ka yi wankanka bayan ka dawo da ƙura a jiki ya fi daɗi ma. Ka leƙa gidan adana kayan tarihin da ke masaukin, akwai hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace hannun masu farautar sata.

Abokan naka kuma ka tambaye su gaba da gaba, wa ya yi maganar jagora, ƙarfe nawa za a shiga daji, za a kwana ko ba za a kwana ba. In suka fara ce maka ka kwantar da hankalinka duk yana cikin tsari, ka bar su su je wankansu a Agusta, kai ka jira Maris ka nemi ko mutum biyu ne. In ka tashi ka yi mini magana a nan, ni ma Tunga Dutse ta rage mini ban gani ba, inda aka ce akwai zane-zane a jikin dutse.