Mai tsaron ƙofa ya fasa min baki a kan karan taba: wane haƙƙi nake da shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a wata mashaya da abokaina biyu, sai na kunna taba. Mai tsaron ƙofa ya zo ya ce in kashe ko in fita waje. Na ce masa na biya kuɗin shiga, abin shana ma ban kai rabi ba, ya bari in ƙarasa karan. Sai ya kama hannuna zai ja ni, ni kuma na hankaɗa shi ya bugu da tebur. Abokin aikinsa ya zo suka fitar da ni. Da muka kai waje, bayan sun sake ni, na farkon ya kai min naushi a baki, na faɗi, ya bi ni da shuri a haƙarƙari. Haƙorina ɗaya ya fita, an yi min ɗinki a leɓe. Na san shi ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon taɓa ni. Ina so a ɗaure shi, a rufe wurin, a biya ni diyya. Manajan ya kira ni wai in zo mu zauna, ban je ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Sannu da jiki, Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Ba ka ambaci ƙasar da abin ya faru ba, kuma bakinka kaɗai na ji, don haka abin da zan faɗa ƙa'idoji ne na gaba ɗaya, waɗanda kan ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Kafin ka ɗauki kowane mataki, lauyan da ke aiki a inda kake ya duba maganar.

Idan har yadda ka ba da labarin haka yake, kana da magana. Sai dai maganarka ba ta kai girman da kake zato ba, kuma ba daga inda kake zato ta fara ba. Daren nan kashi biyu ne a idon doka: abin da ya faru a ciki, da abin da ya faru a waje. Na wajen shi ne naka. Na cikin, a ganina, ya fi kusa da zama hujja a kanka.

Mu fara da kuɗin shigar. Biyansa bai sayar maka da kujerar ba. Izini aka ba ka na zama, izini mai sharaɗi, kuma mai wuri ko wakilinsa na iya janye shi idan ka saɓa ƙa'ida. Da zarar an ce ka fita, aka ba ka ɗan lokacin da za ka tashi, ka ƙi, to a yawancin dokoki ka tashi daga baƙo ka koma wanda ke zaune a wurin mutane ba da yardarsu ba. Ko da a ce korar ba ta bisa ƙa'ida, iyakar abin da za ka nema galibi shi ne kuɗinka, kuma daga waje ake nemansa. A naka ma da wuya a ce korar ta saɓa ƙa'ida, tunda da bakinka ka ce an ba ka zaɓi: ka kashe, ko ka fita ka sha.

Sannan hana shan taba a rufaffen wuri ba son ran manaja ba ne a ƙasashe da yawa. Tun da aka amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2003, ta fara aiki a 2005, ƙasashen da suka shiga cikinta sun ɗauki nauyin kare jama'a daga hayaƙin da wani ya busa. Ailan ce ta fara hana shan taba a wuraren aiki a faɗin ƙasa, har da mashaya, a 2004. Ingila ta bi a ranar 1 ga Yuli, 2007, kuma tsarin tararta zai nuna maka dalilin da ya sa mai gadi ba ya jiran kowa ya ƙarasa kara: wanda ya sha tabar fam 50 ne a kansa, ko har fam 200 idan aka je kotu, amma mai kula da wurin da ya zuba ido aka sha ana iya cin sa har fam 2,500. Wato minti uku da kake roƙo, su ne za su biya mafi yawan kuɗinsa. Idan dokar inda kake irin wannan ce, mutumin aikinsa yake yi lokacin da ya tsaya a kanka.

Yanzu ga babban kuskuren, cewa tunda shi ba ɗan sanda ba ne ba shi da ikon taɓa ka. Gaskiya ne ba shi da ikon ɗan sanda. Ba zai ci ka tara ba, ba zai caje aljihunka da ƙarfi ba, ba zai kulle ka a ɗaki don ka busa hayaƙi ba. Amma yana da ikon da duk mai wuri ke da shi, wanda aka ara masa: ya fitar da wanda ya ƙi fita, da ƙarfi daidai gwargwadon abin da fitarwar ke buƙata, bayan an nemi mutum ya tafi da ƙafarsa. Riƙe hannu a nufi ƙofa da kai, ba tare da murɗewa ko shaƙewa ba, kotuna da yawa za su ce yana cikin wannan iyaka. In kuwa haka ne, hankaɗawar da ka yi ba kare kai ba ce, domin ba a kare kai daga abin da doka ta halatta. Ita kanta tana iya zama laifin kai hari, ko da bai ji ciwo ba. Idan kuma teburin ya ji masa rauni, lamarin ya ƙara nauyi.

Na tsaya a nan ne saboda na san abin da kan biyo baya. Mutum ya tafi ofishin 'yan sanda da kumburarren baki a matsayin mai ƙara, a kunna faifan kyamarar tsaro, a ga shi ya fara kai hannu, ya dawo gida a kan beli. Ban ce haka za ta faru da kai ba. Amma ka sa a ranka cewa ranar da ka kai ƙararsa, shi ma mai yiwuwa ya kai taka, kuma abokin aikinsa ba shaidarka zai yi ba.

Akwai kuma abin da alƙali zai saurara daga ɓangarensu, ko ka so ko ka ƙi. Aikin ƙofa aiki ne mai haɗari, kuma rigimar taba ta taɓa cin rai. A birnin New York, a watan Afrilun 2003, makonni kaɗan da fara aiki da dokar hana shan taba a mashaya, an daɓa wa wani mai tsaron ƙofa wuƙa ya mutu a rikicin da ya taso daga cewa a kashe taba. Lauyansu zai ce mutumin da aka hankaɗa a cikin duhu da hayaniya, ga mutum uku a tebur, ba shi da lokacin auna ƙarfinsa da sikeli. Kotu kan karɓi wannan uzuri, amma a kan abin da ya faru cikin zafin lokacin kaɗai.

A bakin ƙofa uzurin ya ƙare. Ikon da yake da shi na fitarwa ne, ba na ladabtarwa ba. Da ƙafarka ta taka waje suka sake ka, aikinsa ya cika. Naushin da ya biyo baya, in dai ba juyowa ka yi kansa ba, ramuwa ce, doka kuma ba ta ba kowa ikon ramawa da hannunsa ba. Shurin mutumin da ke kwance a ƙasa kuwa, ban ga ta inda za a kare shi ba. Wanda aka horar aka kuma biya don ya kwantar da rigima, shi ya fi kowa sanin haka, kuma wurin da ke ajiye irin wannan mutum a ƙofarsa ya cancanci a yi masa tambayoyi. Amma ka lura da sharaɗin da na saka. Tsakanin sakin da naushin me ya faru? Ka zage shi? Ka yunƙura za ka koma ciki? Ka ɗaga hannu, ko ka sa shi a aljihu? Zagi kaɗai ba ya halatta duka, ko da yake a wasu wurare yana iya rage abin da za a ba ka. Yunƙurin kai hannu kuwa yana iya juya shari'ar gaba ɗaya. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙin su ne duk ƙararka, don haka ka faɗa wa lauyanka gaskiyarsu tun kafin faifai ya faɗa masa.

Game da buƙatunka uku. Ɗauri ba a hannunka yake ba. Kai dai ka kai rahoto, 'yan sanda su bincika, mai gabatar da ƙara ya ga ko akwai abin tuhuma, alƙali ya yanke. Faɗuwar haƙori da ɗinki rauni ne da ake ɗauka da muhimmanci, amma wanda bai taɓa laifi ba, aka kuma fara ture shi, ba lallai ya kwana a gidan yari ba. Rufe wurin ma ka cire shi daga lissafi. Hukumar da ke ba da lasisi ce ke da wannan iko, kuma da wuya ta yi shi a kan faɗa guda, sai in koke-koke sun taru. Kana iya rubuta mata, haka ma hukumar da ke ba masu gadi lasisi idan ƙasar tana da ita, kamar yadda Birtaniya ke da ita a ƙarƙashin dokar 2001. Nan ne ma abin ya fi yi wa mai gadi zafi, domin lasisin ne abincinsa.

Diyya ce kaɗai ke da hanya a fili, kuma ba a wurin mai gadin za ka same ta ba, don galibi ba shi da abin biya. Mai wurin ake nema, da kamfanin inshorarsa. Ƙa'idar ita ce ubangida na ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi idan tana da alaƙa ta kusa da aikin da aka sa shi. Za su ce maka a waje aka yi, ba ruwansu, ko su ce ma'aikacin wani kamfanin tsaro ne da suka ɗauko haya. Duka biyun an gwada su a kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ba su yi aiki ba. A shari'ar Mattis da Pollock ta 2003, mai gadin ya koma gida ya ɗauko wuƙa ya dawo ya soki mutum a waje, amma aka ɗora wa mai kulob ɗin alhaki, saboda shi ya ɗauke shi yana kuma ƙarfafa masa nuna ƙarfi a kan baƙi. A shari'ar Hawley da Luminar ta 2006, mai gadin na wani kamfani ne, amma tunda kulob ɗin ne ke juya shi a aiki, aka ce kulob ɗin ne zai biya. Waɗannan hukunce-hukuncen ba sa ɗaure kotun kowace ƙasa, kuma kowanne ya rataya ne a kan bayanansa, sai dai suna nuna inda tunanin alƙalai ya karkata.

Nawa za ka samu? Kuɗin asibiti da na gyaran haƙori, har da wanda za a sake yi nan gaba, albashin kwanakin da ka rasa, da wani abu na zafin ciwo. Ba dukiya ba ce. Idan aka cire kuɗin lauya, aka lissafa shekara ɗaya ko biyu na zirga-zirga, ga haɗarin cewa a wasu ƙasashe wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'ar abokin hamayyarsa, ragowar tana iya ba ka mamaki.

Shi ya sa nake ganin kiran manajan ba abin watsarwa ba ne. Su ma suna da abin tsoro: lasisinsu, sunansu, da faifan da ke nuna ma'aikacinsu yana shurin mutum a ƙasa. Kai kuma kana da hankaɗawarka. Inda kowa ke da abin da ba ya so a kunna a gaban alƙali, nan sulhu ya fi saurin ƙulluwa. Amma kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je kafin lauya ya aika musu takarda cewa su adana faifan daren, na ciki da na ƙofa. Wannan da gaggawa, yau ko gobe, domin na'urorin kan goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan makonni, wasu ma kwanaki. Sauran abubuwan ka san su: rahoton likita, hotunan raunin, rasit, lambar wani da ya gani wanda ba abokinka ba. Ka kuma ɗaga hannunka daga Facebook, kada ka ambaci sunan kowa, kada abokanka su koma wurin neman magana.

A zaman, ka bar lauya ko mai shiga tsakani ya yi magana. Kada ka karɓi kuɗi a hannu a tsaye, kada ka sa hannu a takardar da ta ce magana ta ƙare sai likitan haƙori ya faɗi jimillar abin da gyaran zai ci, domin bayan sa hannu da wuya a sake buɗe ta. A nemi yarjejeniyar ta haɗa da cewa su ma ba za su neme ka da komai ba a kan abin da ya faru a ciki. Ka sani kuma sulhu a kan diyya ba lallai ya tsayar da shari'ar laifi ba idan 'yan sanda sun riga sun shiga, kuma a wasu wurare karɓar kuɗi da sharaɗin janye shaida laifi ne shi kansa, don haka wannan sashen lauya ne zai rubuta shi.

Idan suka raina maka hankali, ko faifan ya ɓace bayan takardarku ta isa gare su, kotu na nan, kuma alƙalai ba sa kallon irin wannan ɓacewar da kyau. Sai dai ƙarar rauni tana da wa'adi. A Ingila shekara 3 ne, a wasu wurare ya fi haka gajarta. Ka tambayi na wurinku a zaman farko da lauyanka, kada tattaunawar sulhu ta cinye shi.