Tantin Kwanan Gona: Wane Girma Zai Ishi Mutum Biyu?

Tambaya: Malam, ni da ƙanena muna noman albasa a fadamar Wamakko. Da rani mukan kwana a gona saboda gadin injin ban-ruwa. Wane irin tanti zan saya da zai ɗauke mu ba takura?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da albarkar noma. Kada ka bi lambar da aka rubuta a jikin jakar tantin. Wanda aka ce na mutum biyu ne, faɗinsa yakan tsaya wajen santimita 130, wato ku kwanta kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wurin buta, ba wurin jarkar ruwa, balle buhun kaya. Nemi na mutum huɗu, mai faɗin wajen santimita 240 da tsawon 210. Kafin ka shiga kasuwa, shimfiɗa tabarminku biyu a tsakar gida, ka jera kayan da kuke kwana da su, ka auna da igiya. Da wannan igiyar za ka je gun mai shago, ka ce ya kafa maka tantin ka gani da idonka.

Amma a Sakkwato iska ta fi faɗi muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, rufaffen tanti kuwa tanderu ne. Zaɓi mai riga biyu: ta ciki raga ce mai hana sauro, ta waje kuma ana yaye ta da dare. In da hali a samu ƙofa biyu masu fuskantar juna, iska ta ratsa. Ƙasan tantin ya zama a ɗinke da jikinsa, saboda kunama da damshin fadama. Ja zif ɗin sau da yawa tun a shago, don shi ƙurar hunturu take fara kashewa.

Turakun da ake haɗowa da tantin gajeru ne, ba sa kama rairayi. Sa maƙeri ya yanka maka na rodi masu tsawo.

Abin da na fi jin tsoro shi ne sanyin Disamba da Janairu. Don Allah kada ku shiga da kaskon garwashi cikin tanti, kuma injin ban-ruwa ya yi nesa da ƙofa. Gawayi da injin suna fitar da iskar guba marar wari, tana kashe mutum yana barci. Ku ƙara bargo, wutar ta tsaya a waje.