Wai da wane sikeli ake auna duniyar da ba a ma ganinta?

Tambaya: Malam, na ji wai masana sun san girma da nauyin manyan duniyoyin da ke zagaya wasu taurari can nesa. Ni fa abin ya ɗaure min kai, tunda yawancinsu ko hotonsu ba a ɗauka ba, anya ba shaci-faɗi ba ne? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Ba shaci-faɗi ba ne ɗan'uwa, lissafi ne, kuma tauraron ne da kansa yake tona asirin duniyar. In ta gifta ta gabansa sai haskensa ya ɗan dushe, daga yawan dushewar nan ake gane faɗinta. Mushtari tamu (Jupiter, babbar cikin duniyoyin da ke zagaya rana) duk girmanta in ta gifta gaban rana kusan kashi 1 cikin 100 kawai za ta tare.

Nauyin ne ke da ɗan wuya. Yadda tauraron ke janta ita ma tana jansa, sai ya riƙa ɗan layi, ya matso ya koma, launin haskensa na ɗan sauyawa, Mushtari ma haka take sa rana, wajen mita 12 a sakan. Da wannan dabarar Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya mai suna 51 Pegasi b a 1995, har suka ci kyautar Nobel a 2019. Sai dai fa dabarar nan ita kaɗai mafi ƙarancin nauyin take bayarwa, sai an san yadda hanyar duniyar ta karkata, to giftawar nan ce ke warware wannan.

A 1999 aka dace da duka biyun, giftawar da layin, a wata duniya mai suna HD 209458 b. Sai ga shi ta fi Mushtari faɗi da wajen kashi 35 cikin 100 amma nauyinta bai wuce kashi 70 na Mushtari ba, wato buhun auduga ce, ba buhun gero ba. Da aka raba nauyin da girman sai aka ga kusan sulusin nauyin ruwa mai wannan girman gare ta, alhali Mushtari ta ɗan fi ruwa, in ruwa 1 ne ita 1.33 ce, duniyar Zuhal (Saturn) kuma 0.69. Nan aka tabbatar iska ce jibge, yawanci haidurojin da hiliyam, dutse ba zai yi sakayau haka ba.

Tana dab da tauraronta ne sosai, kwana 3 da rabi ta gama zagaye, zafin nan ke da hannu a kumburinta, ko da yake har yanzu masana na ta muhawara kan yadda zafin ke ratsawa har can cikinta.