Tambaya da Amsa: Yadda za a rubuta wa yara labarin hijira daga Burmi zuwa Mai Wurno

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Mai Wurno, jihar Sennar ta ƙasar Sudan. Ina son rubuta ƙagaggen labari don 'yan shekara 9 zuwa 13 a kan hijirar kakanninmu bayan yaƙin Burmi, amma da na fara sai ya koma darasin tarihi. Ta ina zan ɓullo masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ki fara da raba abu biyu a takarda: abin da ya faru, wanda ba ki da ikon taɓawa, da yaron da za ki ƙirƙira, wanda ke hannunki.

Ga abin da ba ya taɓuwa. Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, mutane na barin garuruwansu suna bin sa. Aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka iso bakin kogin Nil Azraƙ wajen 1906, suka sauka garin Shaikh Talha kafin a kafa garinku. Ki manna wannan a bango inda kike rubutu.

Tauraron labarin ya kasance ɗan shekara 12 ko 13, domin yaro ya fi son karanta labarin wanda ya ɗan girme shi. Kada ki sa shi ɗan sarki. Ki ba shi aiki a cikin ayari: kora jakuna, cika salka, ko goyon ƙanwa. Ki kuma ba shi buƙata guda ƙarama wadda mai karatu zai riƙe, misali ya rabu da mahaifiyarsa a wani zango yana neman ta, ko malaminsa ya damƙa masa allo da gafaka ya ce kada su jiƙe. Wannan buƙata ita za ta ja labarin daga babi zuwa babi. Inda yawancin masu farawa ke tuntuɓe shi ne su miƙa wa yaro takobi ya ceci Sarkin Musulmi. Yin haka ya ɓata tarihi, kuma yara da kansu sukan gane cewa ba zai yiwu ba.

Ranar Burmi babi ɗaya ta ishe ta, kuma daga inda yaron yake ɓoye za ki nuna ta. Yuli tsakiyar damina ce, don haka akwai taɓo, dawa ta yi tsawo, kogin Gongola ya kawo ruwa. Yaron zai ji ƙarar bindiga mai ruwan harsashi wadda bai taɓa jin irinta ba, ya ga doki ya dawo da sirdi babu mahayi, ya ji jakinsa na karkarwa a jikinsa. Wannan ya wadatar. Ba sai kin siffanta rauni da jini ba. Idan wani na kusa da shi zai rasu, ki faɗi a fili cewa ya rasu, a yi masa sutura, a ba yaron shafi biyu ko uku ya yi kuka. Rufa-rufa a nan ta fi rikita yaro.

Sai kayan zamanin, inda kuskure ya fi yawa. Babu ashana a jakar matafiyi, ƙyastu ne. Babu agogo, da azahar da la'asar da fitowar gamzaki ake auna lokaci. Kuɗi wuri ne. Guzuri shi ne gumba, garin gero, kilishi. Kada mutanenki su hau jirgin ƙasa a El Obeid, don layin dogo bai kai can ba sai bayan 1910, kuma kada su ga madatsar ruwa ta Sennar, wadda aka gama a 1925. Mutanen Sakkwato su yi 'yar Sakkwatanci, kamar "mi kaka so" ko "ɗiyata", kalma ɗaya ko biyu a shafi. Kalmomin Larabci na Hausarmu ta Sudan su fara shigowa bakinsu sai can ƙarshen tafiya.

Abu biyu kuma kada ki ɓoye. Mafi yawan sojojin da ke bayan Turawa 'yan Afirka ne, har da Hausawa. Cikin masu hijirar ma akwai bayi, waɗanda ba duka aka nemi shawararsu ba. Ki sa ɗaya daga cikinsu ya zama mutum mai suna da magana.

Babi 15 zuwa 20, kowane kalma 800 zuwa 1,000, wato abin da za a karanta a zama ɗaya. Ki sa taswira a farko, da shafi ɗaya a ƙarshe mai bayyana abin da ya faru da gaske da abin da kika ƙirƙira. Tsofaffin garinku kuwa ki riga zuwa wurinsu tun kafin ki rubuta babin farko, ki tambaye su abin da aka ci da yadda aka haye ruwa.

Tambaya: Yarana sun baro Khartoum bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, yanzu muna Jidda. Ya dace in ba su irin wannan littafi?

Amsa: Allah ya kawo mana zaman lafiya, Alhaji. Ya dace, da sharuɗɗa. Ka karanta littafin kai kaɗai tukuna. Sannan ku karanta tare, da rana, babi ɗaya a zama, ba dab da barci ba. Ka zaɓi wanda yaron cikinsa ke da babba mai kula da shi, kuma ya ƙare da sauka a wurin aminci. Idan yaro ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ka ga firgita cikin barci, ko fitsarin kwance ya dawo, ko yaro ya daina magana, ka ajiye littafin ka kai shi wurin likitan yara.

Tambaya: Yaranmu Larabci suke karantawa a makaranta. Da wane rubutu za a buga?

Amsa: Da ajami da boko, shafi na kallon shafi. Ajamin ya samu wasali cikakke, a kuma tsayar da harafi guda ga kowane ɗaya daga ɓ, ɗ, ƙ da ts tun daga shafin farko, don canza su a tsakiya shi ke sa yaro ya yar da littafi. Kafin a kai maɗaba'a, a ba yara biyar babin farko su karanta da ƙarfi, duk inda biyu suka yi tuntuɓe a gyara.