Amsa ga mai tambayar lambobin da ke jikin zoben Gicciyen Ƙarfe na Jamus

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi lambobin yabo na Eisernes Kreuz, wato Gicciyen Ƙarfe na sojojin Jamus, guda uku a kasuwar tsofaffin kaya a Hamburg: ɗaya na 1914 mai "800" a zoben da ake rataye shi da shi, ɗaya na 1939 mai "65", na ukun kuma babu komai a zobensa, har kana tsoron ko jabu ne. Na daɗe ina tara irin waɗannan kayan, ga abin da zan gaya maka.

Mu fara da na 1914. Wannan 800 ɗin awon azurfa ne, ma'ana kashi 800 cikin 1000 na firam ɗin da ya zagaye gicciyen azurfa ce. A wancan zamanin maƙeran haruffa suke bugawa: S-W na Sy & Wagner, G na Godet, FR na Friedländer, dukkansu a Berlin. Juya zoben a hankali cikin hasken rana, sau da yawa harafin yana ɓoye a inda ƙyallen ratayewa ya rufe, ko bugun ya kama rabi kawai. Idan ka ci karo da KO, ka sani masu tara kayan har yau ba su daidaita a kan mai ita ba, saboda haka kada wani ya ƙara maka kuɗi don ita.

Na 1939 ya fi sauƙi, domin ofishin shugaban ƙasar Jamus na lokacin, wato Präsidialkanzlei, ya raba wa kamfanoni lambobi. 65 ta Klein & Quenzer ce ta garin Idar-Oberstein, kuma tana cikin waɗanda aka fi gani. 1 Deschler ne na Munich, 2 Juncker na Berlin, 3 Deumer, 4 Steinhauer & Lück, su biyun a Lüdenscheid, 20 kuma Zimmermann na Pforzheim. Inda mutane ke rikicewa shi ne kamfani ɗaya yana iya samun lamba biyu. Daga 1941 ƙungiyar masu ƙera lambobin yabo, wato LDO, ta riƙa sa ido kan waɗanda ake sayarwa a shaguna, ga sojan da ya ɓatar da tasa ko yake son ta biyu. Waɗannan da L suke farawa: Juncker L/12, Steinhauer & Lück L/16, Zimmermann L/52.

Batun na ukun, kwantar da hankalinka. Da yawa daga cikin na farkon Yaƙin Duniya na Biyu an yi su ne kafin tsarin lambobin ya kankama, ba su da hatimi ko kaɗan, kuma na asali ne. Ni na fi jin tsoron wanda hatiminsa ya fito raɗau fiye da wanda ba shi da shi, domin buga lamba a zobe shi ne aiki mafi sauƙi ga ɗan damfara. Yana iya ma ciro zobe na gaske ya maƙala a jikin jabu. Ka duba L/58 ta Rudolf Souval na Vienna: kamfanin ya ci gaba da ƙera kaya bayan 1945, don haka ganin lambar kaɗai ba ya nuna shekarar da aka yi abin.

Amfanin hatimi a wurina shi ne ya gaya mini da aikin wa zan gwada. Tunda naka 65 ne, nemo hotunan na Klein & Quenzer da aka tabbatar, ka kwatanta siffar shekarar 1939 da ke rubuce a jikinsa, musamman yadda 3 da 9 suka lanƙwasa, da kuma ƙananan layukan da suka zagaye firam, inda suka haɗu a kusurwa. Kowane kamfani da ƙarfen bugunsa, kuma aibin da ke jikin ƙarfen yana maimaituwa a kan duk abin da aka buga da shi, kamar yadda ake gane hannun tela a ɗinki.

Sannan ka riƙe shi a hannu. Na gaske gida uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, firam biyu gaba da baya da aka like. Kalli gefensa da madubin ƙara girma, za ka ga siririn layin haɗin. Idan baƙin fenti ya hau kan firam, ko ka ga ƙananan ramuka irin na zubi, akwai matsala. Maganaɗisu zai kama tsakiyar yawancinsu, amma akwai na asali da aka yi da wani ƙarfen daban, kuma masu jabu ma sun iya sa baƙin ƙarfe, don haka gwajin maganaɗisu shi kaɗai bai isa hujja ba.

Don Allah kada ka goge su da man goge ƙarfe, baƙin da azurfar ta yi yana cikin abin da ake dubawa. Tunda kuma a Jamus kake, ka rufe alamar 'yan Nazi da ke tsakiyar na 1939 kafin ka ɗora hoto, dokar ƙasar ta hana nuna ta a fili. Ɗauko mana gaba da baya da gefe da zoben kowanne, a kan farar takarda ba tare da filasha ba, ka kuma auna faɗinsu. Na 1939 ya kamata ya kai wajen milimita 44, na 1914 kuma ya ɗan gaza haka.