Ayyuka suna ƙaruwa, to me ya sa majalisun matasa ba sa raguwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya: kullum ana sanar da sababbin ayyuka, amma zaman kashe wando bai ragu ba, ina matsalar take?

Adadin ayyuka shi kaɗai ba ya nuna komai, sai an gwada shi da yawan waɗanda suka isa aiki, wato 'yan shekara 15 zuwa 64. Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga neman aiki duk shekara a nahiyar, ayyukan albashi kuwa kusan miliyan 3 ake samarwa. Sauran sai acaba, talla, ko sayar da katin waya a bakin titi.

A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, ka ga ayarin ma bai gama isowa ba.

Kuma ka yi hattara da alƙaluma. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta sauya ma'auni, rashin aiki ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1, don wanda ya yi aikin awa guda a mako ma ana lissafa shi cikin ma'aikata. Ni dai wannan ban kira shi aiki ba.