Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Mutum-mutumin Gandalf Kafin a Yaba ko a Kushe

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne kan mutum-mutumi masu gaɓoɓi na taurarin finafinan almara, irin waɗanda manya ke saye da tsada su jera a kabad mai gilas. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Na yi odar mutum-mutumin Gandalf, tsohon nan mai sanda na fim ɗin The Lord of the Rings, mai girman kashi ɗaya cikin shida. Ya iso lafiya, kuma ina so in rubuta sharhi a kansa domin abokaina masu tara irin waɗannan kaya. Ta ina zan fara, kuma me zan duba? Mai karatu daga Kano.

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka duba fuska, ɗauko awo. Kashi ɗaya cikin shida na nufin mutum mai tsayin santimita 180 zai koma santimita 30, wato inci 12 ke nan. Ian McKellen, wanda ya fito a matsayin Gandalf tun fim na farko a 2001, tsayinsa kusan haka yake, saboda haka naka ya kamata ya tsaya wajen santimita 30 ba tare da malafarsa ba. Rubuta abin da awo ya ba ka, ka kuma faɗi girman a layin farko na sharhin, domin akwai Gandalf iri-iri a kasuwa. Kamfanin Toy Biz ya fitar da na inci 6 tun lokacin da fim ɗin ya fito, Asmus Toys na yin masu kashi ɗaya cikin shida da tufafin yadi na gaske, shi kuwa Weta Workshop na birnin Wellington, wanda ya ƙera makamai da sulken fim ɗin, ya fi suna da waɗanda ba sa motsi. Rashin adalci ne a auna na inci 6 da ma'aunin na inci 12.

Daga nan sai kai, wanda shi ne rabin kuɗin. Kai shi bakin taga da hantsi, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa kai tsaye, ka ajiye hoton ɗan wasan daga fim kusa da shi. Duba shi ta gaba, ta gefe, sannan ta tsakanin biyun. Kawuna da yawa suna kama ta gaba, amma da ka juya su sai hancin ko haɓar su tona asiri. Matso da kyamarar waya kan idanu: ƙwayoyin biyu wuri ɗaya suke kallo? Kuskuren da bai kai rabin milimita ba ya isa ya mai da dattijo mai kwarjini ya zama mai harara-garke. Fatar tsoho kuma ba launi ɗaya ba ce. Mai fenti nagari yakan sa ɗan ja a kumatu da kan hanci, duhu a ƙarƙashin ido, da ɗigo-ɗigon tsufa a goshi. In ka tarar da fuska sumul da launi guda tana ƙyalli, faɗi haka ƙarara.

Abu ɗaya da masu sharhi ke yawan mantawa: hotunan tallar kamfani na samfurin farko ne, wanda gwani ya zauna ya yi wa fenti da hannu. Na cikin kwalinka daga layin masana'anta ya fito. Ka ɗauki naka hoton, ka jera shi da na talla, mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Gashi da gemu iri biyu ne. Akwai na roba da aka sassaƙa tare da kai, akwai kuma dasasshe na zare. Sassaƙaƙƙe ba ya hargitsewa, amma gemun Gandalf dogo ne, yakan tokare ƙirji ya hana kan sunkuyawa ko juyawa. Gwada ka faɗi iyakar inda ya tsaya. Dasasshe ya fi kama da na gaske, sai dai yakan fito daga kwali a cukurkuɗe, kuma sai an jiƙa burushin haƙori da ruwa kaɗan an taje shi daga ƙasa zuwa sama. Duba ko layin gam na nunawa a bakin goshi, ko malafar na danne gashin har ta bar masa shaida.

Sai gaɓoɓi. Jikin wannan girma yakan zo da gaɓoɓi wajen 30, amma adadin da aka buga a kwali ba shi ne magana ba, tunda riga da alkyabba na cinye da yawa daga ciki. Gwaji uku sun isa. Na farko, ya ɗaga sanda sama da hannu biyu ya riƙe minti goma ba tare da kafaɗa ta sauko ba. Na biyu, ya riƙe takobinsa Glamdring a hannu ɗaya a miƙe, wuyan hannun bai lanƙwashe ba; in takobin na ƙarfe ne, a nan ake gane rauni. Na uku, ya tsaya da ƙafafunsa ba tare da matokari ba. Idon sawu ne ke yanke wannan hukunci, kuma takalmin roba mai tauri da ya haura ƙauri yakan kashe motsinsa gaba ɗaya.

A tufafi, kaurin yadi ne abin lura. Yadin da ya yi daidai a jikin mutum ya yi kauri sau shida a jikin ɗan wannan, sai rigar ta tsaya ƙiƙam ba ta zubo ba. Shafa bakin alkyabbar ka ji ko an saka siririyar waya a cikin kalmasa, domin da ita ake lanƙwasa yadin ya yi kamar iska na kaɗa shi. Ƙirga hannuwan canji, lofe, jaka, kube da ɗamara, ka gwada kowanne a inda aka yi shi domin ya zauna. A ƙarshe ka kawo farashi, wanda a wannan girma yakan kama daga dala 200 zuwa 300 ko fiye, ka haɗa da kuɗin jigila da na kwastan, sannan ka ce ya ci kuɗinsa ko bai ci ba. Sharhin da bai kai ga wannan jimla ba bai gama aikinsa ba.

Ina ƙoƙarin canza hannun nawa mutum-mutumin sai ɗan fegin wuyan hannu ya karye, rabinsa ya maƙale a ciki. Gwiwar ƙafa ɗaya kuma ta ƙi motsi sam. Ya zan yi? Wani ɗalibi daga Zariya.

Ɗan'uwa, wannan ita ce karayar da ta fi kowace yawa, kuma sanadinta sanyi ne da gaggawa. Hannun an yi shi da robar PVC, wadda ke taurare in ta yi sanyi, fegin kuma siriri ne mai ƙwallo a kai. In ka ja da ƙarfi ko ka karkata, fegin ne zai sallama.

Tafasa ruwa, ka sauke, ka bar shi ya huce zuwa wajen digiri 60 ko 70. Tsoma hannun kaɗai na daƙiƙa 30 zuwa 60. Ramin zai yi laushi ya buɗe, sai ka sa ɗan hantsaki ka zaro guntun. In ya karye daidai da bakin rami babu abin kamawa, murɗa siririn sukuru cikin guntun zagaye biyu ko uku, ka sake ɗumamawa, ka ja sukurun a miƙe. Duba cikin kwali kafin ka sayi sabo, domin kamfanoni da yawa na sako fegi biyu na ajiya a ƙaramar leda. Daga yau kuma, duk lokacin da za ka canza hannu, ɗumama shi tukuna, ka riƙe damtsen kusa da wuyan hannu, ka ja kai tsaye.

Gwiwar kuwa, yawanci fenti ne ya bushe a tsakanin gaɓar. Naɗe wandon sama, ka hura mata iskar na'urar busar da gashi a matsakaicin zafi daga nisan taƙi guda na rabin minti, ka motsa ta kaɗan-kaɗan gaba da baya. Ka tabbatar ta ɓangaren da aka yi ta ta lanƙwasa kake turawa. In har yanzu ta ƙi, ɗigo ɗaya na man silikon a kan tsinke ya isa. Kada ka kusanto da man inji, kalanzir ko fetur. Suna cin roba a hankali, bayan watanni ka tarar gaɓar ta tsage. Kada kuma iskar zafi ta taɓa dasasshen gashi, domin zaren roba na ƙanƙancewa ba ya dawowa.

Ga masu matsalar da ke kishiyar taka, wato gaɓar da ta saki: cire ta, ka shafa wa ƙwallon jan farce marar launi shafi ɗaya siriri, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar. In bai kama ba ka ƙara shafi na biyu. Sufa gulu ma na yi, amma in ya kama kafin ka ankara ka rasa gaɓar, tururinsa kuma na barin farin dabbare a kan fenti.

Na ajiye nawa cikin kwalinsa shekara biyu don kada ya lalace. Da na buɗe sai na ji jikinsa na danƙo, ɗamarar fata kuma tana ɓarewa. Me ya jawo haka? Wata baiwar Allah daga Sakkwato.

Hajiya, zafi ne da rashin iska. Robar PVC a asalinta tauri gare ta, sai an gauraya ta da wani sinadari mai kama da mai kafin ta yi laushi. Zafi na koro wannan sinadari zuwa saman roba. In mutum-mutumin na waje, kaɗan-kaɗan yake fita ya bi iska. In yana rufe a leda cikin kwali, sai ya taru ya zama danƙon da kika ji. A gari kamar Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma saman kabad, inda aka fi ɗora kwalaye, shi ne wuri mafi zafi a ɗakin.

Cire tufafin, ki ware duk wani yanki mai batir. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba, ki ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan, ki jiƙa sassan robar na awa ɗaya zuwa biyu. Goga da burushi mai laushi, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa kwana guda. Kan da ke da dasasshen gashi ba a jiƙa shi. Tsumma mai laima za ki sa ki goge fuskar a hankali. Ruwan goge jan farce na narkar da roba mai tauri, sifirit kuma na ɗauke fenti, don haka duka biyun ki nisanta su.

Maganar ɗamara ba mai daɗi ba ce. Fatar roba ce, yadi ne da aka shafe da siririn shafi na wata roba da ake kira polyurethane, kuma danshi da zafi na karya shi daga ciki. Da ya fara ɓarewa babu man da zai mayar da shi. Ki cire ta kafin ɓarɓashin ya manne a rigar, ki kai wa baduku a matsayin samfur ya yanko miki irinta daga siririyar fatar akuya, wadda kaurinta bai wuce rabin milimita zuwa ɗaya ba, a mayar da ƙarfen tsohuwar a kanta. Garinku ya yi suna da wannan fata tun da daɗewa, kuma za ta fi ta kamfani daɗewa.

Wurin ajiya na gaba ya zama kabad mai gilas, a bangon da rana ba ta duka, da fitilar LED wadda ba ta zafi sosai. Hasken rana na koɗar da yadi, yana kuma mai da farar roba ruwan ɗorawa. Da damina ki sa ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu shanye danshi, biyu ko uku a kowane hawa saboda fumfuna. Da hunturu ki toshe tazarar ƙofar gilas da siririn soso mai gam, ki riƙa kaɗe ƙura da burushin kwalliya mai laushi. In sandar mai haske ce, cire ƙananan batiran in ba kunnawa za ki yi ba, domin suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Kada kuma a bar shi a rufaffiyar mota da rana ko na awa ɗaya. Zafin ciki na iya kai digiri 60, inda robar ke fara lanƙwashewa.

Na ga irinsa a intanet da rabin farashi. Ta yaya zan gane jabu? Mai karatu daga Maraɗi.

Malam, rabin farashi a sabon kaya mai lasisi shi kansa alama ce. Nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton ainihin kayan tare da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Duba tambarin kamfani da na masu haƙƙin fim a kwali, ka lura ko bugun ya yi dishi-dishi ko akwai kuskuren rubutu. Masu jabu sukan kwafi na asali ne su sake zubawa, kuma kowane zubi na ƙanƙancewa kaɗan, don haka kan yakan fito ƙarami, tamojin fuska sun shafe, layin haɗin roba ya fito ɓaro-ɓaro. In ya riga ya iso, warin sinadari mai hawa kai da fenti mai mannewa a yatsa sun ishe ka shaida.

Yarona ɗan shekara huɗu na son wasa da shi. In ba shi? Wani uba daga Kumasi.

A'a, Malam. Duba gefen kwalin, za ka ga an rubuta shekara 14 ko 15 zuwa sama. Fegi, lofe da hannuwan canji duk suna iya maƙalewa a maƙogwaron yaro, takobin na da tsini, ƙaramin batir kuwa in aka haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin awa biyu, kuma maganar asibiti ce nan take. Sa wa kabad ɗin makulli, ka saya masa na wasa mai jiki guda wanda aka rubuta an yi shi domin 'yan shekara 3 zuwa sama.